Wankin Ranar Annabi Iliya

Da hantsi Stamena ta ga alamar da ke cikin akwatin wutar gidanta ta juye daga kore zuwa ja. Lantarki dai ba ta san kansa ba, amma wannan kam mijinta ya koya mata kafin ya rasu: in alamar ta yi ja, varista, wato ɗan abin kariyar da ke ciki, ya shanye tsawa har ya ƙone, sai a sa sabo. Ta aika aka kira Delyana, mai gyaran wuta daga garin da ke gindin dutse.

A ƙauyenmu babu gidan da ba shi da irin wannan akwati, kuma duk aikin Grozdan ne, mijin Stamena. Gida-gida ya bi yana sawa, ko kofin giya ba ya yarda ya sha a madadin ladansa. Yakan ce abin kamar karen gadi ne, in wuta ta haukace sai ya tare ta, ya kora ta cikin ƙasa ta wayar da aka binne. Mu kuwa, da ba ma raina kyauta, tun yana raye muka mai da shi waliyyi.

Matarsa ce ba ta samu ko ɓurɓushin wannan daraja ba, kuma kowa ya san dalili.

'Yarsu ɗaya ce, Neda. Ranar Annabi Iliya, a tsakiyar zafi, ba a wanki, ba a ɗinki, ba a taɓa lauje, don tsawa a hannunsa take. Stamena ta san haka sarai. Amma wata shekara, a wannan rana, baƙi za su zo kallon sabon talabijin ɗin da Grozdan ya sayo, ga shimfiɗar tebur ta yi dauɗa. Ta ce wa yarinyar ta ɗauraye ta a famfon tsakar gida, ai annabi ba zai damu da ƙyalle ɗaya ba. Hadarin na can bayan dutse, rana na haskawa a kanmu. Aka ji rugugi daga nesa. Da aka fito, Neda na kwance, hannunta na riƙe da kan famfo, ruwa na ta zuba.

Mata na kuka a ɗaka, Grozdan na durƙushe a gindin famfon yana tona ƙasa. Muka ce baƙin ciki ne ya taɓa shi, muka kau da kai.

Daga ranar, in Stamena ta shiga coci sai mata su ɗan matsa. Grozdan bai taɓa yi mata gori ba. Dafa kafaɗarta kawai yake yi, ya ce Allah mai gafara ne, mu kuma mu yi ta yabon haƙurinsa. Ya toshe famfon. Amma duk sanda hadari ya haɗu, sai Stamena ta ji ruwa na ɗiga daga busasshen bakin famfon, ɗis, ɗis, ta rufe taga ta ci gaba da ji. Har ta gaya wa limamin coci in ta mutu a binne ta can gefen shingen maƙabarta, kada a kwantar da ita kusa da Neda. Ta ce yarinya ba za ta huta ba da wadda ta kashe ta a gefenta.

Delyana ba 'yar ƙauyenmu ba ce, ba ta san ko ɗaya cikin wannan ba. Ga ta da surutu. Ta cire ƙonannen varista ta sa sabo, ta ci cuku da tumatir a tsaye, ta ce wa tsohuwar gidan nan ya fi na magajin gari tsaro. Sai dai na'urar awonta ta nuna wayar ƙasa ta yi rauni, don haka ta ari fartanya ta bi ta har bayan gida, inda aka kafa sandar jan ƙarfe. Ta kankare tsatsa, ta ɗaure tam.

Tana dawowa ne fartanyar ta kamo wata waya daban, tsohuwa, wadda ta ratsa tsakar gida. Ta yi ta binta tana tonawa. Stamena na tsaye a ƙofa, ta ga tonon ya nufi famfon.

"Inna, zo ki ga aikin mutanen da," in ji Delyana tana dariya. "Ƙyuyar kafa sanda ce, sai su ɗaure wayar ƙasa a jikin bututun ruwa. Ga zoben da suka ɗaure ta da shi nan har yanzu. In tsawa ta biyo layi ko daga bayan dutse ne, nan za a koro ta. In varista ya ƙone ya manne kuwa, wutar gida gaba ɗaya ta hau famfo. Wanda ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu, sai dai wani ba shi ba."

Stamena ta tambaye ta, muryarta can ƙasa, ko har yanzu wayar na haɗe.

"A'a, kwantar da hankalinki. Wani ya farga tun tuni. Dubi bakin, ba ruɓewa ta yi ba, datse ta aka yi tsaf, aka tura ta ƙasa aka rufe. Ko waye, ya san abin da ya aikata."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon bakin wayar. Ba ta yi kuka ba. Abin da ya dawo mata shi ne yammacin ranar da Neda ta mutu, lokacin da take ninke wandon cocin Grozdan, ta zaro filayar datse waya daga aljihunsa, bakin filayar duk ɗanyar laka.