Takardun Alawa a Adakar Mai Shayi

Tabawa, ajiye biron nan ki saurare ni. Na duba shafukan littafin tarihin nan da kika gyara, wallahi har kaina ya yi ciwo. Duk inda kika ga kalmar da ta shafi bauta kin ɗora mata babban baƙi. Gunki babba, alloli babba, iskoki babba, har dodon tsafi kin naɗa masa rawani! Na san ba ganganci ba ne. Tsoro ne ya sa ki, kina gudun kada ki rage wa sunan Allah daraja ki kwashi alhaki. To, a maɗaba'ar nan na yi furfura, bari in ba ki misali.

An yi wani mai shayi a bakin tasha, mutumin kirki, mai tsoron Allah. Mahaifinsa alaramma ne, da ya rasu bai bar gona ba, bai bar ko akuya ba, sai Alƙur'ani guda da ya rubuta da hannunsa, da tawadar da ya dafa da kansa, yana cikin gafakar fata. Wasiyyarsa ɗaya ce: "Ka riƙe shi amana, har ka miƙa wa wanda ya fara saukewa a cikin 'ya'yanka." Mai shayi ya sa gafakar a adakar katako, ya ɗora a kan kanta a ƙuryar ɗaki. Duk duniya ba shi da abin da ya fi so kamar wannan adaka.

Kin san al'adarmu. In mutum ya ga takarda mai sunan Allah a ƙasa, sai ya ɗauka ya kaɗe, ya soke ta a ramin bango ko ya ƙona. Al'ada ce mai kyau, ni ma ina yi. Amma shi mai shayin nan ya wuce gona da iri. Ya iya karatun sallarsa, sai dai bai jin Larabci, don haka duk abin da ya gani da baƙaƙen Larabci a wurinsa aya ce. Ga shi tasha ce, alhazai na sauka da tsaraba, 'yan tireda na buɗe kaya. Kwalin dabino, takardar alawa, ledar biskit, bawon kwalin turare, ba ya barin ko ɗaya a ƙasa. Ramin bango kuwa ya ce ya yi musu kaɗan. Sai ya ninke su, ya kai gida, ya ɗaga murfin adaka ya zuba su a kan gafakar mahaifinsa, wai su zauna da ɗan'uwansu.

Akwai wani tela maƙwabcinsa da ya daɗe a Makka yana ɗinki. Ran nan ya gan shi yana lallaɓa wata takarda mai danƙo, ya karɓa ya duba, ya yi dariya ya ce, "Haba maigida, wannan fa cewa aka yi sukari da madara da man shanu. Babu sunan Allah ko ɗaya a ciki." Mai shayi ya fizge abarsa ya ce, "Baƙin Alƙur'ani ne dai ko? To, ni ba na wasa da shi. Gara in girmama duka da in kuskure ɗaya." Tela ya koma kan ɗinkinsa.

Kwanci tashi, adaka ta cika har ya daina buɗe ta, sai ga babbar 'yarsa ta sauke Alƙur'ani. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, malamai suka zauna, aka kawo waina da kunu. Mai shayi, baki har kunne, ya shiga ya ɗauko adaka da kansa ya dire a gaban jama'a, don a cika wasiyya kowa na gani. Yana ɗaga murfi sai wari ya buso. Zaƙin dabino da maiƙon alawa sun kira ɓeraye, sun huda kusurwar katako ta baya inda ido bai kai ba, sun yi gida a ciki. Da suka gama lashe takardun zaƙi suka ci fatar gafaka, suka shiga cikin rubutun. Ya yaye tarkacen da ke sama, ya sa hannu don ya ɗago amanar mahaifinsa, sai ya ɗago garin takarda. Kwalin turare kam yana nan lafiya lau, ko haƙori ba su sa masa ba. Yarinya na durƙushe da hannu biyu a shimfiɗe tana jira, uban ya rasa abin da zai ɗora mata. Dattijo da gemunsa ya zauna a ƙasa yana kuka kamar ranar da aka binne alaramman.

Ni tausayinsa nake ji, Tabawa, don ba raini ne ya kai shi ba. Ya ƙi tsayawa ya tambayi wace takarda ce ke ɗauke da sunan, wacce ce kama kawai ta yi. Ke ma ki tsaya ki tambaya. Allah suna ne, Ubangiji ma in Shi ake nufi, ki ba su babban baƙi. Sunan da aka raɗa wa wani gunki shi ma ki ɗaga shi, kamar yadda kike ɗaga sunan gari. Amma gunki da alloli da iskoki taro ne, ƙaramin baƙi ya ishe su. Kada ki zuba su adaka ɗaya da sunan da kike tsoron taɓawa. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.