Sulusin Agola

Kai da kake cewa wasiyya sai an kwanta ciwo, tsaya ka ji wannan. An yi wani dattijo mai lambu a bakin fadama, mangwaro da gwaiba da lemo sai wanda ya gani. Allah bai ba shi haihuwa ba. Matarsa ta rasu ta bar masa agola, 'yar da ta zo da ita tun tana goye. A hannunsa ta girma ta yi aure, da mijinta ya rasu ta dawo da marayu biyu, tana yi masa tuwo da wanki, lambun nan ne cinsu da shansu. Yana ƙaunarta har zuciya. Sai dai akwai abin da ya fi ƙaunar ƙarfi a ransa, wato hassadar ɗan ubansa, wanda shinge kawai ya raba lambunansu. Ranar da mangwaron wancan ya riga nasa nuna, ko tuwo ba ya wuce masa. Shekara arba'in yana leƙe ta shinge, in wancan ya dasa ɗaya shi sai ya dasa biyu.

Liman ya sha ja masa kunne: "Malam, agola ba ta gado. Kira shaidu biyu ka yi mata wasiyya da sulusi." Sai ya ce to, bari a gama mangwaro. A zuci kuwa wuta ce ke ci. Ta yaya za a ji a gari ya fara shirin tafiya, alhali wancan yana nan garau yana shan rake? Kuma in aka cire sulusi, ai saura bai kai lambun wancan ba. Ka ji fa! Ana maganar bayan ransa, shi yana awon lambu. Aka gama mangwaro, ya ce sai bayan damina. Damina ba ta ƙare ba, wata safiya ya sunkuya zai gyara dashe, ya kife, ko kalma ɗaya bai samu furtawa ba, rai ya yi halinsa. Da aka zo rabon gado, aka duba babu magaji sai ɗan uban nan, ya kwashe komai har fartanya. Agola ta ɗaure kwanukanta ta fita da marayunta tana kuka, abin gwanin ban tausayi. Ashe duk bishiyar da dattijo ya dasa don ya fi ɗan ubansa, shi yake dasa wa. Shi ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.