Takalman da Suka Ƙi Yin Shiru

"Furera, kina ko shafa wa takalman nan mai?" in ji Ƙadri.

"Kullum sai na shafa, Malam," in ji matarsa.

Ƙadri ya harari takalman fatar da ya sayo a Tasawa da kakar gyaɗa. Dogaye ne, irin na soja, sai dai kuka. Tun daga bakin rijiya ake jin tahowarsa, ƙiƙ-ƙiƙ. Shi kuwa ba ya son hayaniya. Duk garin Mayahi an san alfaharinsa: ko yaushe ya shigo, gidansa tsit.

Ran kasuwa takalman suka ci masa diddige. Ya tuɓe su, ya rataya a kafaɗa, ya shigo gida a hankali.

Furera na kiɗa da garwar mai, yara na tafi. A tsakiya mahaifiyarsa ce sanye da hularsa, ta murtuke fuska, tana kwaikwayon tafiyarsa.

Kiɗa ya tsaya cak. Tsohuwa ta juya ga surukarta.

"Ke Furera! Ban ce kar ki shafa masu mai ba?"

"Wallahi, Inna, ko ɗigo ban taɓa sa masu ba!"