Abin da Almakashi Ya Bari

"Yanke mani wannan," in ji tsohuwar, ta ɗora yatsa bisa fuskar ɗan takara.

Mai hoto ya dube ta. Hoton mitin ne a kasuwar Gidan Rumji, shekarar da soja suka bar mulki aka yi zaɓe.

"Inna, ai don shi ake sayen hoton."

"Yanke dai."

Almakashi ya ci ɗan takara, ya ci tutoci da masu tafi. A gefen takarda hannu guda ya rage, riƙe da igiyar akuya, ƙaramin yatsansa a karkace.

Ta shafa yatsan.

"Maigidana ne. Shekara arba'in bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Jiya muka yi sadakar bakwai."