Mai Kitson da Ta Cika Rumfar Taro

To ɗan'uwa, tunda mutanen unguwarku sun ɗora maka sakataren jam'iyya, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wata mai kitso da aka zaɓa shugabar matan jam'iyya a unguwarsu, aikin sa kai, sai dai a ce mata sannu. Ba ta iya dogon jawabi ba, wayarta ma 'yar ƙarama ce mai tocila. Amma in an haihu ita ce kan gaba wajen barka, in an yi rashi tana gindin murhu tana tuƙa tuwon sadaka, ba ruwanta da jam'iyyar da masu gidan suke yi. Da aka ce ɗan takarar kansila zai zo jin koken mata kan matsalar ruwa, shugaban mazaɓa ya ga kamar ba za ta iya tara jama'a ba. Ya ce mataimakiyarta, wata 'yar boko mai babbar waya, ta yi gayyar, in ta cika rumfa shugabancin ya zama nata. Mataimakiyar ta tura wa mata ɗari uku saƙo, kowacce ta amsa da in Allah ya yarda. Mai kitso kuwa ta yafa mayafinta ta bi gida gida kwana uku, nan ta sha ruwa, can ta tsefe wa wata tsohuwa kai.

Ranar taro aka tashi da yayyafi. Cikin waɗanda aka tura wa saƙo, tara suka zo. Can sai ga mai kitso ta ɓullo daga lungun masu niƙa, mata reras a bayanta, wasu da lema, wasu sun kifa faranti a ka, ana ta shewa. Kujeru suka ƙare, aka aro tabarmi. Shugaban ya hango wata dattijuwa da kowa ya san ɗanta ne ke liƙa fastocin 'yan adawa, ya ce, "Inna, ke ma kin dawo wurinmu?" Ta ce, "Ina! Ƙuri'ata tana inda take. Amma da na karye, baiwar Allahn nan ta yi sati tana kawo min kunu. Ta kira ni in ƙi zuwa?" Ɗan takara ya yi dariya har hularsa ta karkace, mataimakiya kuwa ta miƙe da kanta ta ba mai kitso kujerar gaba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunta a ƙafa take.