Injin da ke Tashi Bayan Azahar

Awa biyu da minti goma. Abin da wayar Hajiya Barira ta nuna ke nan, kuma shi ta karanta wa Malam Lurwanu a tsakar gidanta na Gwarzo, ko gaisuwarsa ba ta tsaya amsawa ba.

Tarakta huɗu gare ta da take bayarwa haya, Lurwanu ne ke zagayawa a babur yana duba su. Uku lafiya lau. Ta Kabo ce ta hana kowa sakat. Direbanta Ja'afar kan ajiye ta a rumfar bayan sito da azahar ya tafi gida, amma kullum kafin la'asar sai waya ta ce injin ya yi aiki, alhali taya ko juyawa ba ta yi ba.

Wani mai gyaran waya, Zayyad, shi ya saka wa motocin tiraka, 'yar na'urar da ke kai tsegumin mota wajen mai ita. Iri uku ya kawo. Ɗaya ana haɗa ta da wayar makulli. Ɗaya tana lura da batir, in ƙarfinsa ya haura ta san inji ya tashi. Ta ukun maganaɗisu ne da ita, a manna ta kawai, jijjigar ƙarfe take ji. Lurwanu ne ya ce a ɗauki ta ukun, don shi a duniya ba abin da ya tsana irin tsada. Inda aka ɓoye ta kuwa, daga Zayyad sai Allah.

Hajiya ta riga ta yanke hukunci. Kaka ce, kowa na neman injin casa, yaron nan jona wa mutane yake a jikin taraktar suna cashe masara da manta. Ta ce ranar Asabar a karɓo mata makulli.

Ja'afar ƙanen Uwaliya matar Lurwanu ne, shi ya tsaya masa aka ɗauke shi. Uwaliya kuwa ba ta yi wani kwana-kwana ba, ta ce in aka kori ƙanenta, ba a ɗakin yaran da take kwana za ta tsaya ba, Gammo za ta koma gidansu.

Lurwanu ya tsare Ja'afar a gaban masu dako ya zazzage shi tas. Yaro ya rantse har da hawaye, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa, ya ce a duba tanki, man ko cokali bai ragu ba. Lurwanu ya ce ai nan ne gwanintar take, ɓarawon da ke mayar da mai ba ƙaramin ɗan duniya ba ne. Da aka lura ranar Juma'a injin ba ya tashi, sai ya ce to alhamdu lillahi, ko ba komai ɓarawon yana zuwa masallaci.

Dama Kabo ce zangonsa na ƙarshe in ban da Juma'a, bayan ya biya tasha ya ɗora garau-garau da mai da yaji. Yanzu sai ya mai da dubawar ta zama gadi sosai. Ya karɓe makulli ya jefa a aljihu, ya haye kujerar taraktar, ya jingina, ya zaro carbi, ya kafa wa ƙofa ido. Shi mutum ne da ba ya wasa da amana, wannan kowa ya ji daga bakinsa.

Ko akuya ba ta gilma ba. Da yamma Hajiya ta kira, ta ce awa biyu da rabi.

Washegari ya cire kan batir ma gaba ɗaya. Awa uku. Daga nan Lurwanu ya daina zargin bil'adama. Tsoro ya kama shi na gaske, don tsamiya ce a bayan rumfar, kuma kowa ya san masu tsamiya ba sa neman makulli. Ya samo rubutu ya yayyafa wa tayoyi, ya turara hayaƙin da ya kori har ɓerayen sito. Ya je ya gaya wa Hajiya a bar yaro, mutanen ɓoye ne ke ɗana motar. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce to su ma su zo su karɓi sallama ranar Asabar.

Ranar Alhamis ya hau kujera da niyyar ko shi ko su. Ya ƙara cin abinci don ya samu ƙarfin artabu. Yana cikin gadinsa, ido biyu kamar kullum, sai ya ji an ja ƙafar wandonsa. Ya zabura da salati. Mutum uku ne a tsaye a gabansa, bai ga shigowarsu ba: Hajiya, da Ja'afar, da Zayyad riƙe da waya.

"Yauwa, ya mutu yanzun nan," in ji Zayyad.

"Wa ya mutu?"

"Injin, Baba."

Ya zura hannu ƙarƙashin kujerar da Lurwanu ke kai, ya ɓamɓaro wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana. Ja'afar ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Hajiya ta gyara mayafi, ta ce rabin awa ke nan suna tsaye suna sauraro.

"Ja'afar, karɓi makullinka. Kai kuma Malam Lurwanu, sati uku muna neman ɓarawo, ashe minsharinka ne na'urar ke ɗauka inji."