Inshorar da Ta Riga Haladu Mutuwa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban saba magana cikin mutane ba. Amma ni na riƙe wa maƙwabciyarmu Hassana jaka ranar da ta bar gidanta.

Mijinta Haladu direba ne a wata ma'aikatar gwamnati a nan Madina. Abu ɗaya yake tsoro a duniya, ya mutu da bashi a wuyansa.

Da ɗansu Suhaib ya tashi aure, aka buƙaci ɗaki a saman gidansu na Harra ta Yamma. Bankin da gwamnati ke zuba albashinsa a ciki ya turo wani saurayi har gida yana tallan bashi. Hassana tana bayan ƙofa da butar shayi, tana jin su.

"In na mutu fa?" in ji Haladu.

"Allah ya ja kwana, ya ammi!" in ji saurayin, wato baffa da Larabci. "Ai don haka aka yi ta'amin. Inshora ce. Ka ƙara ɗan abu duk wata, ranar da ta Allah ta kasance, bashin ya mutu tare da kai."

Haladu ya ɗaga murya. "Kin ji ko, Ummu Suhaib? Ko a kabari ba mai tashina!"

"Karɓi shayin dai, ya huce," ta ce.

Katin shaidar Haladu yana hannun saurayin. Ya ga shekarar haihuwa, ya ci gaba da cike takarda. Kamar iyayenmu da yawa, Haladu yana yaro mahaifinsa ya ƙara masa shekaru a takarda don a ɗauke shi aiki da wuri. Har tsokanarsa ake yi a unguwa, wai ya girmi yayansa.

Aka gina ɗaki, aka yi biki. Haladu ya yi ritaya, bai daɗe ba ya rasu. Aka binne shi a Baƙi'a. A zaman makoki Suhaib ya miƙe ya faɗa da Larabci, ya maimaita da gurguwar Hausarsa: "Babana ba bashi."

Bayan ta fita takaba, Hassana ta je ɓangaren mata na bankin, don fanshon yana zuwa a gutsure, ana cire na bashin.

"Ta'amin ɗin yana tsayawa ranar da mutum ya cika sittin, ya hala," in ji ma'aikaciyar, wato inna da Larabci.

"Bai kai sittin ba. Ni na sani."

"A wurinmu ya wuce."

"To me ya sa kuka ci gaba da cire kuɗin ta'amin ɗin har watan da ya rasu?"

Ma'aikaciyar ta kalli wadda ke bayan Hassana a layi.

Hassana ta je ofishin gwamnati ta roƙi a mayar da fanshon wani banki. Aka ce sai ta kawo takardar sallama daga wannan. Bankin ya ce ba sallama sai an biya. Ta koma ofishin, aka ce tsakaninta da banki ne.

Ba ta yi kuka ba. Suhaib ya ce su kai ƙara, ko da za a shekara ana yi.

"Shi kuma ya yi ta jira a Baƙi'a da bashi a kansa?" ta ce.

Ta sayar da gidan, ta biya, suka kama haya a unguwar Jurf. Ranar tashi ta kulle ƙofa, ta girgiza ta, ta miƙa wa sabon mai gida makulli. Mun yi nisa a mota ta tambaye ni ko ta kashe gas.

'Yan'uwa, kada mu sa hannu a kan alƙawarin baki. Mu tambayi yaushe inshora ke ƙarewa, da wanda ba ta biya wa, mu sa namu ya karanta mana. Kasancewar gwamnati na biyanmu ta wani banki ba ya nufin za ta tsaya mana in ya cuce mu.

Babana ma ya karɓi irin bashin nan. Washegarin tashin Hassana da safe na kai masa shayi, na tsaya ban fita ba. Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Baba, shekarunka nawa a takarda?"